Filin bayan kicin ya zama kango: siminti za a zuba ko shuka za a yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Akwai wani ɗan fili a bayan kicin ɗinmu, tsakaninsa da katanga, tsawonsa zai kai ƙafa 20, faɗinsa kamar 13. Tun da aka gama ginin gidan ba wanda ya waiwaye shi. Ragowar bulo da fasassun tayil da magina suka bari suna nan a jibge. Da damina ciyawa har gwiwa, da rani ƙura ta cika mini kwanuka. Makon jiya aka kashe kunama a gindin bulon, shi ne maigidan ya ce a kwarara siminti kowa ya huta. Ni kuwa ina son in leƙa ta taga in ga ɗan kore. Ba mu da rijiya, ba mu da burtsatse, ruwa saya muke a wajen 'yan garuwa, kuma aiki nake fita, ba ni da lokacin ban ruwa safe da yamma. A Rijiyar Zaki muke, nan Kano. Me zan yi wanda ba zai ci kuɗi ba, ba zai ci ruwa ba?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki bi maganar maigida. Siminti sau ɗaya ake kashe masa kuɗi, daga nan sai tsintsiya. Ba ciyawa, ba taɓo, ba kunama. Ki shanya kaya, yara su yi wasa, in biki ya tashi a kafa tukwane a wajen. Wanda yake sayen ruwan sha ina shi ina lambu?

Ummi Kaduna: Haba Baban Sadik, ko'ina siminti sai ka ce tashar mota. Anti ki sa kafet giras, irin ciyawar nan da ake shimfiɗawa a gidajen Malali. Wallahi in ta kama har sallah za ki riƙa yi a kai.

Injiniya Bala: Ummi, ki bari mu yi lissafi tukuna. Ƙafa 20 sau 13 ya kama murabba'in mita 24. A bazarar Kano, Maris zuwa Mayu, in kina son ciyawa ta zauna kore, kowane murabba'in mita yana shan ruwa aƙalla lita 5 a rana. Lita 120 ke nan, kusan jarka biyar mai lita 25, kullum ta Allah. A mako jarka 35, wato kura biyu da wani abu. Kaduna ta fi Kano samun ruwan sama, daminarku ta fi tamu tsawo, kuma gidajen da kike gani a Malali akasari da burtsatse da mai gadi da yake riƙe da tiyo. Ga aski kuma duk bayan mako biyu. Ita da ta ce ba ta da lokaci, ciyawa ita ce abu na farko da za ta cire daga lissafi.

Ummi Kaduna: Tab, jarka biyar kullum? To na janye, amma dai ba na bayan siminti.

Baban Sadik: Ka ga Injiniya ya zo wajena.

Injiniya Bala: Ban zo ba tukuna, Alhaji. Siminti ma da nasa sharrin. Cikin Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Daɓen siminti yini yake yana shan rana, da daddare ya riƙa amayar da zafin, ga fili a matse tsakanin bango da katanga, iska ba ta ratsawa. Duk ɗakin da yake jingine da wajen sai ya gaya maka. Na biyu, ruwan da ƙasa take shanyewa yanzu, in ka rufe ta sai ya nemi hanya. Ruwan Kano na shekara kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, Agusta ya fi yawa. Ruwa mai milimita 20 kawai, a kan rufi mai murabba'in mita 50, lita 1,000 ne. In magini bai fitar da gangara daidai ba, gindin bangon kicin zai kwanta, bayan shekara biyu ka ga fenti yana ɓarewa, gishiri ya fito. In kuwa ya fitar, to lungu ka tura wa, maƙwabta su sha. Rabin ambaliyar da muke kuka da ita a unguwanninmu ke nan, kowa ya toshe ƙasar gidansa ya turo ruwa waje, ga kwata a cushe da leda. Maman Ilham, tambaya uku. Ina indararon rufin yake zuba? Ina sokawe yake? Da wane lokaci rana take shiga wajen?

Maman Ilham: Indararo ɗaya yana zuba a kusurwar da ke kusa da ƙofar kicin, har ya haƙa ɗan rami. Sokawe yana can ɗaya gefen gidan, ba ya nan. Rana kuwa tun hantsi take shiga har bayan la'asar.

Injiniya Bala: Madalla da sokawe ba ya wajen, an rage matsala. Ga abin da zan yi in nawa ne. A fara kwashe tarkacen nan tas, don kunama ba ƙasa take bi ba, maɓoya take bi, kuma bulon da aka jibge shekara da shekaru shi ne gidanta. Mai kwashewa ya sa takalmi, ya riƙa juya bulo da shebur kafin ya sa hannu. Kada ki biya a zubar da su. Masu kyau a jera su iyaka, a cike ramukansu da ƙasa don kada su sake zama maɓoya. Fasassun a farfasa a cike ramin indararo da su, ruwa ya riƙa dukan dutse maimakon ƙasa. Sai a baje filin a ba shi gangara daga bango zuwa katanga, inci ɗaya a duk ƙafa huɗu ya isa. A zuba burji a daddaɓe, a bi da tsakuwa mai kaurin inci biyu. Ga filinki, tsakuwar ba za ta wuce baro 20 ba, ko ƙaramar tifa ba ta kai ba. Ƙura ta mutu, taɓo ya mutu, ruwa kuma yana nutsewa. Sai a bar wuri biyu ko uku ba tsakuwa, nan za a yi shuka.

Inna ta Gwammaja: Sannunku da hira 'ya'yana. Jikata ce take karanta mini tana rubuta abin da na ce. Wannan abin da Injiniya yake faɗa ai daɓe ne aka sa masa wando. Mu da muka taso, burji ake zubawa a yayyafa ruwa, mata su taru da madaɓi ana waƙa ana bugu, a jiƙa makuba a riƙa shafawa har ya yi jawur yana sheƙi. Ba siminti ko cokali ɗaya, kuma da bazara ka kwanta a kai sanyi ƙalau.

Ummi Kaduna: Inna ina wuni. Mece ce makuba kuma?

Inna ta Gwammaja: Lafiya lau 'yar nan. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa, ruwan ya yi duhu. Da shi ake shafe katanga da daɓe don ruwa kada ya ci. Amma gaskiya ɗaya ce, daɓen tsakar gida da ruwan sama yake duka sai an riƙa sabunta shi, kuma yanzu ina matan da za su taru su yi miki? Ki bi ta tsakuwar. Abin da zan ce miki shi ne lalle. Gidan da na yi aure akwai shi a gindin katanga, ba wanda yake ba shi ruwa da rani, bai taɓa mutuwa ba. In ya yi fure da yamma gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Reshe ake yankowa da damina a soke a ƙasa, shi ke nan. Ga shi kina da 'ya mace, ba kya sayen na sallah.

Maman Ilham: Allah ya ƙara lafiya Inna, na gode. Lalle kam ya shiga lissafi.

Malam Isufu Maraɗi: Salamu alaikum. Ni daga Nijar nike, ruwanmu bai kai naku ba, don haka mun san wahalar icce. Hajiya, kahin ki sayi komi, ki duba hilin nan da kyau. Babu wani icce da ya hito da kainai, wanda ake sarewa yana sake tohowa? Nan wajenmu abin da ya maido da itatuwa cikin gonaki ke nan. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana dashe a yankin Maraɗi dashen yana mutuwa, sai a 1983 ya lura kututturan da manoma ke sarewa duk shekara saiwarsu na da rai a ƙasa. Aka koma barin reshe ɗaya ko biyu masu ƙarhi, a sassabe sauran. Icce mai tsohuwar saiwa ya hi dashe saurin girma nesa ba kusa ba, kuma ba ya son ban ruwa.

Maman Ilham: Ikon Allah, akwai kuwa. Wani yana nan a jikin katanga, an sare shi ya fi a ƙirga, yana dawowa.

Injiniya Bala: Wane iri ne, kuma ƙafa nawa tsakaninsa da katangar?

Maman Ilham: Darbejiya ce. Ba ta fi ƙafa biyu da katanga ba.

Injiniya Bala: Malam Isufu ka yi haƙuri, wannan kam a tone ta har saiwa. Dabararku ta gona ce, inda itace yake da filin miƙe ƙafa. Darbejiya tana kai mita 15 ko fiye, saiwarta tana tafiya nesa. A ƙafa biyu da katangar bulo inci shida, shekara kaɗan za ki ga tsaga, in katangar ta haɗa ku da maƙwabci kuma ga rigima. Haka ceɗiya da durumi, haka bishiyar nan mai rassa hawa-hawa da ake ce wa ambarela, wadda kowa yake dasawa a ƙofar gida yanzu. Ku duba intalok ɗin da ke gindinta a gidajen da ta shekara biyar, duk ya tashi. Mangwaro ma ya fi ƙarfin wannan fili.

Malam Isufu Maraɗi: Gaskiya ne, ga gina ba a wasa da bedi, darbejiyar taku ke nan. Da magarya ce a tsakiyar hili da na yi gardama. To ga ta biyu, ita ba ruwanta da girman wuri. Wajen Tawa da Illela ana yin tassa, ƙananan ramu a ƙasar da ta yi tauri har ruwa ba ya shiga. A zuba taki cikin ramen, ƙasar da aka hiddo a tara ta gehen gangare ta tare ruwa. A Burkina Faso ma da ita wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya maida hako daji. Ke ma ƙasar bayan gini haka take, magina sun tattake ta, ga ragowar siminti. In kika soka dashe a haka, zai zauna shekara bai ƙaru ba. Ki sa a gina rame ƙafa biyu zurhi, ƙafa biyu faɗi, a tsince duwatsu, a gauraya ƙasar da busasshen kashin awaki, kashi ɗaya taki kashi biyu ƙasa. Kuma kada a cika ramen ya yi tozo. A bar shi ya ɗan faɗa, ruwan indararon nan a ja mashi 'yar hanya ya biyo ta nan.

Sani Mai Fulawa: Ni sana'ata ke nan, shekara da shekaru ina sayar da dashe a bakin titi. Maganar Malam ta rami ita ce gaskiyar da masu saye ba sa son ji. Mutum zai sayi dashe mai tsada, ya ƙi biyan yaro ya haƙa rami, in ya mutu ya ce mun sayar masa da mara kyau. Ƙari ɗaya: kashin kaji ɗanye yana ƙone saiwa, sai ya daɗe ya huce. Na awaki ko na tumaki da ya bushe ya fi lafiya, kuma duk mai kiwo a unguwa zai ba ki buhu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ga filin Hajiya, bishiya ɗaya tak nake ba da shawara, a tsakiya ko aƙalla ƙafa biyar daga kowane bango. Ko gwaiba, ko rumman, ko lemun tsami. Rumman ya fi su jure ƙishi kuma ba ya girma sosai. Lemun tsami ya fi amfani a kicin, amma yana da ƙaya, kuma rani biyu na farko sai an tsaya masa. In shi za ki saya ki nemi mai aure, ki duba gindin za ki ga tabon inda aka haɗa. Mai aure shekara biyu zuwa uku ya fara 'ya'ya, na ƙwallo kuwa sai ki yi ta jira.

Maman Ilham: Zogale fa? Ina ganin kowa yana yabonsa.

Sani Mai Fulawa: Zogale ba sai kin zo wajena ba, 'ya'yansa za ki samu a wajen maƙwabta ki shuka. Na iri ya fi na reshe, don yana yin doguwar saiwa da take nutsawa ƙasa, iska ba ta kayar da shi da wuri. Sirrinsa ɗaya ne, in ya kai ƙugu ki datse kan. In kika bar shi zai miƙe siriri ya wuce katanga, ganyen yana can sama sai da gora. In kina datsewa zai yi rassa ya cika, hannu yana kaiwa. Guda uku a layi sun ishe ki kwaɗo da miya. Abin da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi, saboda haka shi kada a sa shi a hanyar indararo. Gwanda ma haka, kwana biyu a cikin ruwa ta ruɓe.

Baban Sadik: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini wa zai ba su ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu. Wata bakwai fa kusan ba ruwan sama. Hajiya ta ce saya take.

Malama Hadiza: Baban Sadik, ruwan yana gidan, zubar da shi ake. Ku nawa ne a gidan, Maman Ilham?

Maman Ilham: Mu shida ne da 'yar aikina.

Malama Hadiza: To mutum shida, sallah biyar. Ko rabin buta kowa yake alwala da shi, a yini an zubar da abin da ya kusa jarka guda a rariya. Ni abin da na yi, na ajiye faffaɗan dutse a gindin lemona da 'yar kujera, na ce duk mai alwala ya je can. Ban taɓa ɗaukar bokiti na ce zan yi ban ruwa ba. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya ma can yake tafiya. Wanda ba na zubawa shi ne ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo, da duk abin da gishiri ya shiga. Waɗannan a hankali suke kashe ƙasa, maiƙon kuma ya tara ƙuda da kiyashi.

Ummi Kaduna: Malama babu laifi a addini a zuba ruwan alwala a shuka?

Ustaz Nura: Babu laifi ko kaɗan, ruwa ne mai tsarki, ba najasa ba ne. Wanda za a kiyaye shi ne na tsarki da na banɗaki. Kuma akwai hadisin Anas a Bukhari da Muslim, cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga ciki, face an rubuta masa sadaka. Sai dai a lura da haƙƙin maƙwabci, kada reshe ya tsallaka yana zubar masa da ganye ba da yardarsa ba.

Malam Isufu Maraɗi: Ga wata dabara ga wanda ba ya zama gida. Tulu na ƙasa, sabo, wanda ba a shahe shi da komi ba. A bizne shi kusa da dashen har wuya, a cika da ruwa, a ruhe bakin. Yadda yake tsatsa ya sanyaya ruwan sha, haka zai riƙa tsatsa cikin ƙasa, saiwa ta zo ta kewaye shi. Rana ba ta shan ruwan tunda yana ƙasa. Sai ki yi kwana ukku ko huɗu ba ki duba ba.

Sani Mai Fulawa: Yana aiki. In ba a sami tulu ba, babbar robar ruwa a huda ta da allura wuri uku ko huɗu a ƙasa, a binne. Ba ta kai tulu ba, don ramin yakan toshe, amma ta fi babu.

Sista Rabi: Ni ta ɓangaren asibiti zan yi magana. Murfin tulun nan ba ado ba ne, a rufe shi ruf, in ba haka ba kin buɗe wa sauro ɗakin haihuwa a bayan kicin. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi. Haka tsofaffin tayoyi da ake fentawa a shuka fulawa, in ba a cika su da ƙasa har baki ba, cikinsu yana riƙe ruwa. Na biyu, tunda akwai yara, a kiyayi bini da zugu. Ana son sa a shinge don awaki ba sa ci, amma 'ya'yansa suna kama da gyaɗa, yara suna ci, amai da gudawa su sa su a gaba. Muna ganin irin wannan.

Ummi Kaduna: Ni da zan ce ta sa kariya, mai furen nan ja da fari mai ƙaton gindi. Ita ko wata guda ba ruwa ba ta damu ba.

Sista Rabi: Kyakkyawa ce, amma ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba suke shafa kibiya a wasu wurare. In za a sa ta, a tukunya a ɗora a sama inda yaro ba ya kaiwa.

Inna ta Gwammaja: Ku bar ta da abin da za a ci. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a a tsohon bokiti a bakin ƙofar kicin, shuwaka ɗaya a lungu. Fure ba ya shiga tukunya.

Ummi Kaduna: Inna ai ido ma yana cin abinci. A bar mata ko fulawar nan mai ƙaya da take hawa katanga, mai fure kamar takarda.

Sani Mai Fulawa: Boganbiliya. Ita kam ta dace da mai ƙarancin ruwa, in an cika mata ruwa ma ganye take yi ta ƙi fure. Da hunturu, lokacin da komai ya bushe, ita take cika da launi. Amma ba ta da ladabi, in ba a aske ta sau biyu a shekara ba sai ta rufe hanya, ga ƙaya. Kuma tsintsiya za ta sha aiki, don furen zuba yake. A tsakuwa tsince shi da wahala. In Hajiya tana so, guda ɗaya a kusurwar da ta fi nisa da igiyar shanya.

Ɗan Haya: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni gidan haya nake a Zariya, irin wannan filin gare ni, amma ba zan zuba tsakuwa in dasa rumman mai gida ya ba ni notis baɗi ba.

Malama Hadiza: Kai naka buhu ne. Buhun siminti ko na shinkafa, ka huda ƙasan, ka cika da ƙasa da taki. Alayyafo, yakuwa, kuɓewa, attaruhu, duk suna yi. Ranar tashi ka ɗora a kura. Sai dai ka sani buhu ya fi ƙasa saurin bushewa, da bazara kullum ne sai ka ba shi, kuma rana tana cin buhun, da wuya ya wuce shekara. Ka jera su inda inuwar katanga take faɗawa da yamma.

Baban Sadik: To ciyawa fa? Tsakuwa ba ta hana ciyawa. Na ga gidajen da aka zuba, damina ɗaya ta koma jeji.

Injiniya Bala: Wannan gaskiya ne in an yi aikin ganin ido. Ana zuba ta shafal-shafal a kan ciyawar da ba a tone ba. Dole a cire saiwa tukuna, musamman ƙiri-ƙiri da aya-aya, su ko guntu aka bari sai ya tofo. Wasu suna shimfiɗa baƙar leda a ƙasa, ni ba na so, don ta hana ruwa nutsewa, an koma gidan jiya. Tsofaffin buhuna saƙaƙƙu sun fi, a farke su a shimfiɗa baki ya hau baki, ruwa yana wucewa, haske ba ya shiga. Tunda tsakuwa ta rufe su rana ba ta cin su. Duk da haka ba zan yi wa Hajiya ƙarya ba, aya-aya tana iya huda buhu, kuma iska tana kawo iri. Damina ta farko sai an bi ana tugewa duk mako kafin su yi 'ya'ya, aikin minti goma ne bayan an ɗauke ruwa ƙasa na da laushi. Ta biyu za ki ga sun ragu sosai.

Baban Sadik: Ko a yi feshi a huta.

Sista Rabi: A bayan kicin, inda ake shanya kwanuka yara suna rarrafe? A'a Alhaji.

Maman Ilham: Gara fa? Maigidan ya ce taki da busasshen ganye suna jawo gara, ta shiga silin.

Malam Isufu Maraɗi: A gona gara abokiyar aiki ce, ita ke huda ƙasa cikin tassa ruwa ya shiga. A gida kuwa a yi nesa da ita. Takin ya zauna cikin rame a ruhe da ƙasa, kada a jibge kara ko katako jikin gina. Kuma dashen da ƙishi ya kama shi ta hi ci. In kin ga ta fara hawa, ki kankare ki barbaɗa toka a gindin.

Injiniya Bala: Shi ya sa na ce tsakanin bangon ɗaki da duk wata shuka a bar ƙafa uku. Nan ne ma zan ba Baban Sadik rabin gaskiyarsa. A yi siririn daɓen siminti a jikin bangon kicin, faɗin ƙafa uku, mai gangara zuwa waje. Ya kare gindin gini, ya zama wajen wanke-wanke da ajiye gas ko murhu. Buhu biyu zuwa uku ya isa, maimakon a rufe filin duka.

Baban Sadik: Rabi dai? To na karɓa. Amma ina nan, watan Afrilu zan tambayi labarin rumman ɗin.

Maman Ilham: Na karanta wa maigidan duka. Ya yarda da simintin jikin bango da tsakuwa, darbejiyar ma ya ce gobe za a tone. Shi lemun tsami yake so saboda shayi, ni rumman, ba mu gama wannan ba. Yaushe ya kamata a yi dashen?

Sani Mai Fulawa: Share fili da tsakuwa da haƙa rami a yi su yanzu da rani, leburori sun fi sauƙin samu kuma takin ya huce a ramin. Dashe kuwa sai ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, kada ki ruɗu da ruwan farko na Mayu. A dasa da yamma, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, kada a fasa ƙasar da ke jikin saiwar. Kuma in kin zo saye kada ki zaɓi wanda ya fi tsawo. Wanda ya daɗe a leda saiwarsa ta nannaɗe, ƙaramin mai ƙafa ɗaya da rabi zai wuce shi cikin shekara.

Inna ta Gwammaja: Lallen kuma kada ki saya. In lokacin ya yi ki yi wa jikata magana ta akwatin sirri, a turo yaro da jiƙaƙƙen buhu a yankar miki.

Injiniya Bala: In za a kawo tsakuwar ki ce mai girman ƙwallon dabino, ba 'yar mitsitsiya ba, don ƙananan suna bin tsintsiya da takalmi su shiga kicin. Kuma a auna da baro a gaban wani naku kafin a sallami mai mota.